Tsuntsun Festo da Gangar Kakansa

Duk wanda ya zauna a bayan Gayaza, can inda kwalta ke ƙarewa jar ƙasa ta karɓa, ya san Festo Lubwama. In bai san fuskarsa ba, to ya san bakinsa. Mutum ne da in ka ce masa jiya an yi ruwa, zai ce maka ai shi ya fara hango hadarin tun shekaranjiya. Ba mugu ba ne, ko kaza sai ya kira maƙwabci ya yanka masa. Cika baki ne kawai aka jarabce shi da shi, kuma ba a yi masa rowa ba.

Shekara da shekaru yana aiki a shagon kayan gini na Kityo, yayan matarsa. A bakin Festo, shi manaja ne. A idon duk wanda ya je sayen ƙusa kuwa, shi ne mai ɗora buhun siminti a bayan babur. Abin nan ya daɗe yana ci masa rai, har ranar da ya faɗa wani taro a Kampala, inda wani kamfani mai koya wa ƙananan yara kiɗa da waƙa yake neman waɗanda za su buɗe masa rassa a gidajensu. Sunan kamfanin 'Yan Tsuntsaye. Tsarin ba wuya: su ba ka sunansu da waƙoƙinsu da akwatin kayan kaɗe-kaɗe, kai kuma ka ba da falonka da maƙogwaronka. Lasisin gwaji suke fara bayarwa. In wa'adi ya cika, wata babbar ma'aikaciyarsu ta zo ta ga ajin da idonta, ko ta tabbatar maka da reshen, ko ta kwashe musu kayansu.

Washegari Festo ya isa shago sanye da rigar kamfani mai ruwan ɗorawa, ya tsaya inda 'yan boda, wato 'yan acaɓa, masu jiran kaya za su ji shi sosai, ya sanar da Kityo cewa daga yau kafaɗarsa ta yi sallama da siminti. Ya ce shi yanzu harkar ƙwaƙwalwar yara ya sa gaba, kuma nan da baɗi sai an nemi izini kafin a gan shi.

"In ka sake ganin buhu a kafaɗar nan," in ji shi, "ka canza mini suna."

Kityo ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗauki tsohon gammon da Festo ke ɗorawa a kafaɗa, ya kakkaɓe shi, ya rataye a wata ƙusa saman ƙofa.

"Yana nan, suruki," ya ce. "Ba ya ruɓewa."

Tun daga ranar, ko a barci Festo ya tuna gammon nan sai ya juya.

A gida kuma ga yadda abin yake. Matarsa Prossy tana cikin jego, jaririn ko wuya bai tsayar ba. Ga 'yarsu Tendo, 'yar shekara huɗu mai bakin tsiya irin na ubanta. Ga kuma mahaifiyar Prossy, wadda kowa ke kira Jajja kamar yadda jikokinta ke kiranta, ta zo daga ƙauye taya jego. A ɗakin baya na tsakar gida aka sauke ta, don suruka ba ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mijin 'yarta, ba ta ba shi hannu, ba ta haɗa ido da shi. Tun da Festo ya auri Prossy ko gefen zanin Jajja bai taɓa gogarsa ba. Tsofaffi sun ce wanda ya taɓa surukarsa, ciwon makyarkyata ne zai kama shi har ya mutu. Festo yana cewa shi ɗan zamani ne, bai yarda da wannan ba, amma duk sanda zai ratsa tsakar gida sai ya yi tari tun daga nesa, ita kuma ta juya ta fuskanci bishiyoyin ayaba har ya wuce.

Da ya shigo da akwatin kamfani ya zayyana wa Prossy shirinsa, sai ta dube shi, ta dubi akwatin.

"A wane falon?"

"Namu mana."

"Namu da jariri ke barci a bayan bangonsa?"

"Ai waƙoƙin na ilimi ne, Maman Tendo. Buɗe ƙwaƙwalwa suke yi."

"To ka fara da taka, Baban Tendo."

Ya ce mata wata rana za ta tuna wannan maganar tana zaune a gaban mota. Ta ce ita dai ya tuna cewa tukwanenta ba na kamfani ba ne.

Ranar farko falo ya cika maƙil, don unguwa ba ta ƙin abin kallo. Dokar kamfani ita ce kowane yaro ya zo da uwarsa, a cire takalma, a zauna a tabarma a yi da'ira, uwa da ɗa suna tafi tare. Iyayen sun zo kam. Sai dai wannan ta zo da tiren matoke, ɗanyar ayabar da ake dafawa, tana fere, waccan ta zo da wake tana tsincewa, kafin a gama waƙar gaisuwa hira ta kai ga wadda ta gudu da direban tasi. Maman Brian mai tumatir ta dire ɗanta da wasu yara biyu da ba nata ba, ta ce yanzu za ta dawo, ba a sake ganinta ba sai da kaji suka shiga akurki. Shi kuwa Brian, ana miƙa masa kacau-kacau ya fasa ta da haƙori, ya cusa ƙwaya ɗaya a hanci.

Ana cikin fama da hancin Brian aka ɗauke wuta, lasifikar kamfani ta yi shiru. Festo ya ce ba komai, ai asalin waƙa daga baki take fitowa, shi da ya kusa zama shugaban mawaƙan coci ba don hassada ba. Ya gyara murya ya ja baiti. Kai, ba a magana. Karen maƙwabta ne ya fara amsa masa, sannan jariri. Prossy ta fito ido jawur, ta ɗora masa jaririn a kafaɗa ta koma ta kwanta. Haka ya ƙarasa ajin yana jijjiga, har yaron ya mayar da nonon da ya sha a kan rigar kamfani.

Ya mayar da aji safiya, sai ya zo daidai da wankan jego, ga robobin wankan duk ya kife su a falo yara na duka kamar ganga. Ya mayar da shi bayan azahar, sai maƙwabcinsu mai gadin dare ya bayyana a ƙofa ɗaure da tawul, ya tambaya cikin ladabi ko Festo yana so ya ci gaba da zama da haƙoransa. Daga ƙarshe Prossy ta kore su gaba ɗaya daga falo, aji ya koma tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, wanda kuma nan ne Jajja ke zama tana turara matoke a ganyen ayaba.

To a nan ne ilimi ya ɗauki sabon salo. Akwai wata rawar kamfani da ake zagayawa a da'ira, hannu a kafaɗar na gaba. Duk sanda zagayen ya kawo Festo saitin Jajja, sai ya yi tari, ya kau da kai, ya juyo da baya. Yara ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, abin da malam ya yi shi suke yi. Cikin 'yan kwanaki sun ƙware: rabin zagaye, tari, kau da kai, a dawo. Suka koma gidajensu suna waƙa suna tari. Iyaye mata suka haɗa kai a bakin famfo, suka yanke cewa akwai wata cuta a gidan Festo, ɗaya bayan ɗaya suka janye 'ya'yansu. Festo ya bi gida-gida yana rantsuwa cewa tarin na al'ada ne, ba na asibiti ba, suka ce to ya bari ya warke tukuna.

Ana haka saƙo ya zo cewa Madam Kemigisha, mai duba rassa, tana tafe ranar Asabar. Tare da saƙon aka aiko wani babban kwali, a ciki akwai kayan tsuntsun kamfani, irin wanda mutum ke shiga ciki gaba ɗaya, da kai da baki da fukafukai, wanda ake sawa ranar bikin tabbatar da reshe. Festo ya tura kwalin ƙarƙashin gado bai nuna wa kowa ba. Ya duba ɗalibansa da suka rage: Tendo, wadda ba ta da wurin gudu, da Brian, wanda uwarsa ba ta da wurin ajiye shi, da wata 'yar mitsitsiya mai zuwa don biskit. Ya ga gammon nan yana lilo a ƙusa kamar a gabansa yake.

Amma Festo ba ya daɗewa cikin tsoro, dabara ce ke zuwa ta cece shi, ita ce kuma ke kashe shi. Sai ya tuna gangar kakansa. Yana ƙarami a ƙauye, kafin gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa birni, akwai wani kiɗa da kakan ya taɓa yi, wanda har yau yana kunnensa. Abin da ya tuna shi ne, tsohon bai daɗe da fara dukan gangar ba sai ga mutane ta ko'ina, a guje, maza da mata, wasu ko riga babu. Festo ya ce a ransa, kiɗan da ke sa mutum ya baro gona a guje, ai shi ne kiɗan talla.

Abin da yaron bai tsaya ya gani ba a wancan lokacin, don an tura shi ɗaki an rufe, shi ne abin da mutanen suka riƙo a hannu. Kiɗan neman ɗauki ne. Ba a yinsa sai gobara, ko ɓarayi, ko an sace yaro, kuma duk mai ƙafa da ya ji shi bai fito ba, unguwa ba za ta manta masa ba.

Ya hau boda ya je ƙauye, ya karɓo gangar a wurin kawunsa da sunan zai sa a gyara fatar. Jajja na zaune ta ga ana sauke ta. Ta kira Prossy ta ce a tambayi mai gidan me zai kaɗa da ita. Festo ya aika amsa cewa abin mamaki ne, a jira Asabar. Ta sake aikowa cewa a gaya masa wannan gangar ba ta wasan yara ba ce. Ya ce a gaya wa Jajja, cikin girmamawa, kiɗa a jininsa yake. Ya shige ɗaki ya yi ta gwaji a kan matashin kai don kada wani ya sace masa fasaha. Da yamma kuma ya leƙa matattarar 'yan boda ya shaida musu cewa ranar Asabar sai an rasa wurin taka ƙafa a gidansa.

Asabar ta zo daidai da ranar rigakafin jariri. Prossy ta goya shi da safe, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Festo abu biyu take roƙo: ta dawo ta tarar da Tendo da ƙafafunta biyu, gida kuma da rufinsa. Jajja ta shiga cikin ayaba a bayan gida yankan ganye. Can sai ga 'yar motar Madam Kemigisha, da hoton tsuntsun kamfani manne a ƙofarta. Mace ce 'yar gayu daga yammacin ƙasar, mai dogon takalmi da murmushin aiki. Ta zauna a kujerar da aka ajiye mata ƙarƙashin mangwaro, ta dubi yara uku a kan tabarmar da za ta ɗauki aji guda.

"Sauran fa, Malam Festo?"

"Suna tafe, Madam. Mutanenmu ba sa zuwa sai an kira su yadda ya kamata."

"Wa zai kira su?"

"Ki dai gyara zama."

Ya faɗa banɗaki da kwalinsa. Kayan tsuntsun kauri gare su kamar bargo biyu, ga rana ta fara dukan kwano, don haka ya tuɓe ya bar gajeren wando kawai. Zif ɗin a baya yake, daga kugu har ƙeya, shi ne kuma ke riƙe da kan. Ya maƙala wayar ƙarfe a marikin zif ɗin ya ja shi sama da ƙarfi, ya rufu ruf, ɗan marikin ya ɓalle ya faɗa rami. Festo ya ce wannan matsalar anjima ce. Ta cikin bakin tsuntsun yake gani, ta wata 'yar raga, abin da ke gabansa kaɗai. Ƙafafun kayan kuma sun yi masa gajarta, sawunsa a waje.

Ya fito da ganga a rataye, ya tsaya tsakiyar gida, ya saukar mata da sanduna.

A faɗi gaskiya, ya iya. Duk abin da Festo ya taɓa a duniya sai ya karkace, amma wannan kiɗan ya fito daidai, tsaf, kamar kakan ne ya tashi. Ya ratsa ayaba, ya haye kwari, ya isa har bakin kwalta. Madam tana gyaɗa kai tana cewa a ranta ashe mutumin yana da abin nunawa.

Yaran ne ba su ga abin sha'awa ba. Ba wanda ya gaya musu akwai tsuntsu. Suka ga wani ƙaton abu mai ruwan ɗorawa, ya fi ƙofa tsawo, da idanu kamar faranti. 'Yar biskit ta shige ƙarƙashin kujerar Madam, Brian ya haye mangwaro, Tendo ta kwasa a guje tana kiran babanta. Festo ya ga aji na watsewa a gaban mai dubawa. Ya yar da sanduna ya bi ta, yana cewa ta tsaya shi ne, amma ta cikin soso muryar ta fito kamar gurnani. Ya cim mata a bakin ƙofar gida, ya sunkuce ta ƙarƙashin fiffike tana shure-shure.

Daidai nan jama'a suka iso.

Ta raga Festo ya hango su, zuciyarsa ta yi fari tas. Ga 'yan boda a jere, ga matan bakin famfo, ga mahauci, ga mai gadin dare da tawul ɗinsa, har da waɗanda suka janye 'ya'yansu. Ya ce a ransa, yau Kityo zai ci gammonsa. Sai da suka matso ya lura cewa mahauci da adda ya zo, 'yan boda da gora, mata kuma kowace da jarka ko bokiti. Su kuwa abin da suka gani shi ne wani mai ɓoye fuska yana ficewa da 'yar mutane.

Ba su suka fara kai masa ba. Ta baya abin ya zo, inda raga ba ta gani. Jajja ta fito daga cikin ayaba, ta ci karo da taɓarya a jingine, ta ɗauka. Tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa coci, ranar tsalle ta yi. Ta sauke masa ɗaya a kafaɗa, ya saki Tendo. Ta ƙara masa a bayan gwiwa, ya kife. Kafin ya yunƙura ta haye gadon bayansa ta zauna daram, ta kama wuyan tsuntsun da hannu biyu tana kiran a kawo igiya. Masu jarka suka duba ba su ga wuta ba, kuma ba wanda ke son komawa da ruwan da ya sha wahalar ɗaukowa, sai suka juye masa.

Madam ta taso tana ɗaga hannu tana cewa ma'aikacinsu ne, ma'aikacinsu ne. Ai kuwa ta gama da kanta. Wani ɗan boda ya nuna hoton da ke jikin motarta, ya nuna wanda ke ƙasa, ya ce ga uwar ɗakin nan, ga motar da za a zuba yaran. Nan take aka sace iskar tayoyin, aka tura ta falo aka ja sakata, ana cewa ta jira shugaban unguwa.

Shi kuwa Festo, ya buɗe baki zai yi ihun cewa shi ne, sai ya ji muryar da ke bisa bayansa. Ya san muryar nan. Shekara nawa yana jin ta daga nesa, ta bayan bango, ta bakin Prossy. Yau ga ta a ƙeyarsa, ga nauyin mai ita a kan haƙarƙarinsa. In ya yi magana, ta san wanda ta hau. In an cire kan, unguwa ta san. In an cire sauran, ga gajeren wando. Karo na farko tun da aka haife shi, Festo Lubwama ya ga cewa shiru ya fi, ya kwantar da baki a cikin taɓo ya yi lamo.

Mzee Sempala, dattijon da ke shugabancin unguwa, ya iso yana haki da sandarsa. Ya tambayi wanda ya buga gangar, ba wanda ya sani. Ya tambayi ina mai gidan, aka ce wataƙila ɓarayin sun riga sun gama da shi, wata mata har ta fara kuka tana cewa duk da surutunsa mutumin kirki ne. Mzee ya ce a cire wa ɓarawon kai a ga fuskarsa. Aka ja, aka murɗa, kai ya ƙi fita. Mahauci ya ce a ba shi wuri.

Allah ya taimaki Festo, a lokacin boda ta sauke Prossy. Ta kutsa cikin taron da jariri a baya, ta fara cafke Tendo ta duba ta sama da ƙasa, sannan ta dubi abin da ke kwance. Ba ta dubi kan ba. Sawun ta duba, ta ga babban yatsa mai baƙin farce, wanda bulo ya faɗa wa a shagon yayanta, wanda ita ta yi ta gasa shi da ruwan zafi. Ta rufe ido ta buɗe.

"Mama," ta ce a hankali, "tashi."

"In tashi ya gudu?"

"Ba inda za shi. Kan surukinki kike zaune."

Jajja ta dubi hannayenta da ke riƙe da wuyan tsuntsun, ta sake shi kamar ta taɓa garwashi. Ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta nufi cikin ayaba ba ta waiwaya ba, gwiwar ma ta dawo da ciwonta. Aka kira tela ya zo da almakashi ya farke ƙeyar, kan ya fita. Ga Festo, jiƙe sharkaf, taɓo har gira, haƙora na haɗuwa saboda ruwan jarka. Matan suka ja da baya suna kama baki, suna cewa ga shi nan, makyarkyatar har ta kama shi. Ya ce sanyi ne. Suka ce haka take farawa.

Mzee Sempala ya tambaye shi ko ya san abin da ya kaɗa. Festo ya ce kiɗan tara jama'a ne na kakansa. Mzee ya ce ya tara su kuwa, ga mai gadi ya bar barci, ga mahauci ya bar nama a hannun ƙuda, ga wata ta bar wake a wuta. Ya yanke cewa ganga za ta koma gidansa da zama, Festo kuma shi kaɗai zai yashe kwatar unguwa, banda akuya da turmin zani da zai kai ƙauye don wanke idon Jajja.

Sai a lokacin aka tuna da Madam. Aka zare sakata ta fito, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, murmushin aiki ya tafi hutu. Kowa ya ɗauka Festo zai nemi ƙasa ta tsage. Ina. Ya miƙe, jikin tsuntsu kan mutum, ya buɗe fiffike ɗaya ya nuna mata tsakar gidan da ba masaka tsinke.

"Madam, tsakani da Allah, a duk rassanku wa ya taɓa tara irin wannan?"

"Su nawa ne ɗalibanka a ciki?"

Ya waiga. Brian yana bisa mangwaro, 'yar biskit uwarta ta saɓe ta ta yi gaba, Tendo ta ɓoye fuska a zanin Prossy.

"Ai yanzu aka fara sanin wurin," in ji shi.

Madam ta juya ta nufi motarta. Ta sa 'yan bodan da suka sace mata iska suka nemo famfon taya suka mayar da ita, ta sa su suka ɗora akwatin kamfani da lasifika a mota. Ta ce ya riƙe rigar, ya riƙe tsuntsun, kamfani ba ya karɓar gawa. Festo ya tsaya yana kallon motar har ƙurarta ta kwanta, kuma a nan ne abin ya soke shi sosai, don da gaske ya so reshen nan, da gaske ya ɗauka ya rabu da siminti.

Kafin la'asar Jajja ta ɗaure kayanta ta hau motar ƙauye, ta bar saƙo cewa ba za ta iya shan ruwan gidan ba sai an yi abin da ya kamata. Aikin jego ya dawo kan mai gida. Prossy ba ta yi masa faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi, ta miƙa masa robar wankin jariri, ta ce tunda ya iya dukanta, ya gwada cika ta.

Ranar Litinin ya yi sammako don ya riga mutane isa shago. Ya tarar 'yan boda sun riga shi, a jere a kan baburansu, ba mai ko fasinja. Yana doso su suka yi tari gaba ɗaya, suka kau da kai. Kityo yana zaune a bakin kanta yana shan shayi. Festo ya gaishe shi, ya ce dama wucewa yake, ya ga ya dace ya leƙo ko ana bukatar shawara, don kamfanin nan ya lura ba su shirya wa irin tunaninsa ba tukuna. Kityo ya ajiye kofi, ya miƙa hannu saman ƙofa, ya sauko da gammon, ya kakkaɓe shi, ya miƙa masa. Festo ya karɓa. Ya ɗora shi daidai inda taɓarya ta sauka, ya ji zafin har cikin ido.

Wani mai gini ya shigo ya ce a ba shi siminti. Kityo bai ko ɗaga murya ba.

"Tsuntsu, buhu biyu."

Festo ya dubi hagu, ya dubi dama, ko akwai wani mai wannan sunan. Babu. Ya gyara gammo, ya ce, "Ga ni nan zuwa."